Hankaka a Sahun Mawaƙa

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma tsuntsayen nan naka da suka fi mu samun lokacinka. Mu ma nan lafiya, in dai wannan da muke ciki ana kiransa lafiya.

Sau shida na kira ka a makon jiya. Sau huɗu wayar a kashe, sau biyu ta yi ta ruri har ta gaji. Shi ya sa na koma ga takarda, ita dai ba ta da maɓallin kashewa.

Maganar littafin Baba ce. Ka san shekara talatin da ɗoriya yana tara shi, tun yana koyarwa a firamare, kuma ka san wadda ta buga shafi ɗari biyu da goma a kwamfuta, kullum bayan ta taso daga kotu da ciwon baya. Kamfanin ɗab'i sun karɓa, sun ce za su sa shi cikin littattafan makarantu na bana. Sai dai ƙa'idarsu ce su cire sunan marubuci su aika wa wani masani ya duba, shi ma a ɓoye sunansa. Ranar Alhamis aka dawo mana da shi. Auta, kamar an yanka kaza a kai. Ja ko'ina. Baba har ya raɗa wa mutumin suna, Jan Biro.

Yawancin gyare-gyaren Baba ya haɗiye su da ƙyar. Ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. A babi na huɗu, Masu Cin Mushe, ya jera ungulu da shirwa da hankaka. Jan Biro ya ce a cire hankaka a kai shi babi na bakwai, wato Mawaƙa, wurin kanari da gwara da suda. Bai tsaya nan ba, ya ce kurciya kuma a fitar da ita daga cikin mawaƙan.

Ni na karanta masa, tunda idonsa ba ya ɗaukar ƙananan rubutu. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya cire tabarau ya goge, sai ka ce tabarau ɗin ne ya ji ba daidai ba. Sai ya ce, "Uwata, tashi mu je."

Ya ja ni har can bayan gidanmu, inda wani hankaka ke zaune a kan tankin ruwa yana yagar leda. Muka tsaya kamar masu jiran hukunci. Can tsuntsun ya buɗe baki ya ce ƙwaaa.

"Kin ji?" in ji Baba. "Mawaƙin ke nan. A kawo masa lasifika."

Tun ranar ba mu huta ba. Abinci sai na tsaya a kansa. Mai gyaran famfo ya zo sauya mana kan famfo, aikin minti goma, Baba ya tsare shi a ƙofar banɗaki kusan awa guda yana tambayarsa ko ya taɓa jin an sayi hankaka an sa a keji don daɗin murya. Bawan Allah ya tafi ya bar sifanarsa, har yau bai yarda ya dawo ɗauka ba.

Da abin dariya ne kawai da ban dame ka ba. Edita ya ce in ba a mayar da littafin da gyaran nan ba kafin ƙarshen wata, ya fita daga jerin bana, sai baɗi in an sami gurbi. Baba kuwa ya rantse hankaka ba zai motsa daga gefen ungulu ba. Kuma ga abin da ban gaya maka a waya ba, don ba ka ɗauka: likitan ido ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Ya ja ni gefe ya ce in akwai abin da tsohon yake son gani, ya gan shi bana.

Abin da nake so ba shi da yawa. Kai dakta ne a kan tsuntsaye, mu muka yi ta guɗa ranar da aka ba ka digirin. Ɗauko takardar jami'a mai tambari, ka rubuta wa edita cewa wannan Jan Biro bai san abin da yake faɗa ba. Layi biyar ya isa.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka

*

Juma'a, 7 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, kuma na gode. A yi mini afuwa game da waya, muna daji da ɗalibai, wurin babu sabis. Maganar idon Baba ta tayar mini da hankali ƙwarai. Allah ya ba shi lafiya.

Game da buƙatarki, Yaya, ba zan iya rubuta wannan takarda ba, domin mai dubawar yana da gaskiya. Bari in yi bayani, don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ba a raba dangin tsuntsaye da abin da suke ci, ko launinsu, ko daɗin muryarsu a kunnenmu. Da asali ake rabawa, wato wa ya haɗa kaka da wa. Kalmar "mawaƙa" a nan sunan dangi ce, ba yabo ba ce. Kamar yadda ake ce wa gidanmu gidan malamai alhali ke a kotu kike aiki.

Tsuntsu ba ya yin murya da maƙogwaro irin namu. Can ƙasa, inda bututun numfashi ya rabu biyu zai shiga huhu, akwai wani ɗan akwatin murya. A wannan dangi akwatin yana da tsokoki da yawa a jere, yadda tsuntsun zai iya sarrafa sauti, har ya koyi sabo. Hankaka yana da wannan akwati cikakke, irin na kanari. Kurciya ba ta da irinsa, kukan da aka haife ta da shi da shi za ta mutu. Gwajin ƙwayoyin gado ma abin da ya nuna ke nan. Hasali ma a cikin mawaƙan akwai manyan rassa, kuma hankaka da suda reshensu ɗaya, kanari da gwara suna wani reshen. Ungulu kuwa da shirwa da mikiya gidansu daban ne can nesa. Haɗuwa a kan mushe ba ta sa an zama 'yan uwa.

Ko ƙafa ma shaida ce. Ki dubi zanen da Baba ya yi da hannunsa a shafi na sittin da biyu: yatsu uku gaba, ɗaya dogo baya, duk a layi ɗaya, ƙafar kama reshe. Ki kwatanta da ƙafar suda da ya zana. Ƙafa ɗaya ce, girma ne ya bambanta.

Shawarata ita ce ki lallaɓa shi ya karɓi gyaran. Yara dubbai ne za su karanta littafin nan, bai kamata a koya musu abin da za a ƙaryata musu a gaba ba.

A gaida Baba da kyau.

Ƙaninki,
Auta

*

Talata, 11 ga wata

Auta,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ƙari.

Shekara goma sha tara ina zaune a gaban alƙali ina rubuta abin da shaidu ke faɗa. Na san yadda mai gaskiya ke magana, na kuma san yadda mutum ke zuba bayani mai tsawo don kada a tambaye shi abu ɗaya gajere.

Ga gajeren: wa ya gaya maka akwai zanen ƙafa a shafi na sittin da biyu?

Na ɗauko kwafin wasiƙata na karanta sau biyu, ban ambaci zane ba, ban ambaci shafi ba. Zanen nan Baba ya yi shi ne bara da damina, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu ɗaya, kwana uku yana fama. Rabonka da gidan nan shekara biyu. Lambar shafin kuwa ni na sa ta, mako guda kafin mu aika. Mutum huɗu ne a duniya suka ga shafin nan: ni, Baba, edita, da Jan Biro.

Daga nan na ɗauko littafin na sa a gefen takardarka. Wannan "g" ɗin mai wutsiya kamar ƙugiya, ni na riƙe hannunka kana ɗan shekara biyar ina ƙoƙarin miƙe ta, ta ƙi. Tana nan a kowane shafi, da ja.

Kai ne ka rubuta wa ubanka "Wannan ba kimiyya ba ce, hirar bakin titi ce." Kai ne ka rubuta masa "Marubucin ya koma ya yi karatu." Kuma ni ce na zauna na karanta masa su da bakina, ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fuskarsa.

Ban gaya masa ba tukuna. Kullum da safe sai ya tambaye ni, "Auta ya aiko da takardar tambarin?" Yana jiran ɗansa dakta ya zo ya kare shi daga Jan Biro. Ka gaya mini me zan ce masa gobe.

Kada ka ce mini babu sabis. Gidan waya yana aiki.

Yayarka

*

Asabar, 15 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba.

Ni ne.

Kamfanin sukan aiko mini da littattafai in duba, ba wannan ne na farko ba. Babu suna a kai, amma tun sakin layi na farko na ji muryar Baba, har da inda yake tsayawa ya yi gyaran murya. Ƙa'ida ita ce in mayar in ce na san marubucin. Na sa shi a ambulan, na rufe, na sake buɗewa. Na san in na mayar, wurin wani abokin aikina za a kai shi, mutumin da ba ya wuce shafi goma in ya ga kuskure ɗaya. Da ya yi watsi da littafin gaba ɗaya. Na gaya wa kaina ceton littafin nake yi.

Wannan rabin gaskiyar ce. Tunda a kotu kike, ga ɗaya rabin.

Kin tuna littafina? Shekara tara na yi a kansa, a kan hankaka da danginsa. Ranar da aka buga, kwafin farko na ɗauko na yi tafiyar yini guda na kawo wa Baba. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Madalla," sannan ya tambaye ni yaya hanya. Bayan shekara da na dawo, na gan shi a saman kabad, cikin ledarsa, an ɗora kwalin fitila a kai. Mutumin da ya koya mini zama shiru a gindin bishiya, wanda ya sa na bar karatun likita na bi tsuntsaye, bai ko yage leda ba. Da ya buɗe babi ɗaya kawai, da bai sa hankaka kusa da ungulu ba. Da na iso babi na huɗu na ga haka, Yaya, sai na ɗauki jan biro. Waɗancan maganganu biyu da kika kawo a ranar na rubuta su. Ba mai dubawa ne ya rubuta su ba, Auta ne. Na yi nadama tun kafin ambulan ya bar ofis, amma bai hana ni aikawa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, shi da kansa ya kawo hujjar. A babin nan ya ba da labarin hankakan makarantarsu da ya koyi ƙarar ƙyauren ofishin hedimasta, har malamai suna miƙewa tsaye ba kowa. Ya kuma rubuta yadda ya ji namiji yana yi wa macen wani gunaguni mai taushi a bakin sheƙa, kamar ruwa na fita daga kwalba. Ni shekarata ashirin a wannan aiki, sau biyu na taɓa jin wannan sauti. Ya ji mawaƙin da kunnensa, ya rubuta da hannunsa, sannan ya ɗauke shi ya ajiye a kan mushe!

Akwai shafi na ƙarshe a rahotona da ba a aiko muku ba, don na edita ne shi kaɗai. Ki nema. Ba don ya wanke ni ba.

Gyaran dai yana nan daram, ba zan janye ba, ko da Baba ya daina yi mini magana. Amma kada ki gaya masa ni ne. Ki bari a buga littafin tukuna.

Ƙaninki

*

Alhamis, 20 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Na amsa gaisuwar, ba don ka cancanta ba.

Na gaya masa. Kafin ka yi tsalle, ji yadda aka yi.

Da ya gaji da jiran takardar tambari, ranar Litinin ya ce in ɗauko kwamfuta, zai mayar wa Jan Biro martani da kansa. Ya zauna a kujerar nan tasa ta bakin taga, ya harɗe. Farko da hujja ya fara. Kafin shafi na biyu ya bar hankaka ya koma kan mutumin.

"Rubuta," in ji shi. "Ilimi daban, tarbiyya daban. Da gani wannan yaro bai sami mai kwaɓarsa a gida ba. Ban san uban da ya rene shi ba, amma ko wane ne, ya yi asarar lokacinsa."

Na tsaya.

"Kin rubuta?"

"Baba, a bar uban a waje."

"Ba za a bar shi ba! Ai daga can matsalar ta faro. Rubuta, uban nan ko awaki aka ba shi kiwo..."

Na rufe kwamfutar. Na ce, "Baba, uban nasa kai ne."

Ya daɗe yana kallon wajen taga da idon nan guda, sannan ya ce, "Karanto mini abin da na ce a kan uban." Na karanta. Na ce, "In goge?" Ya ce, "Bar shi. Shi kaɗai ne ba a yi gardama a kansa ba."

Yanzu kai kuma, maganar leda. Kai da kake ganin tsoka a cikin wuyan gwara, ka kasa ganin abin da ke gaban hancinka. Littafin da ka kawo ko kwana biyu bai yi a leda ba. Kana fita washegari ya sa ni na yanke ta da reza a hankali. Ya kai shi kusa da fuska, ya kai nesa, ya fita rana da shi. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kifi, kuma da Turancin da ko ni sai da ƙamus. Ya ce in karanta masa. Muka yi shafi huɗu, kowane layi da sunan Latin uku, ni ina tuntuɓe, shi yana cewa "Sake." A shafi na biyar ya ce, "Ya isa, Uwata. Yaron ya wuce inda zan iya bin sa." Ya sa na mayar da shi cikin ledar don ƙura, ya kuma ce in na gaya maka bai gane ba, bai yafe ba. Tun a lokacin idon ya fara, ya ɓoye mana. Ga shi na karya alkawari biyu a mako ɗaya, naka da nasa, duk a kan tsuntsun da ke sace mini sabulu.

Shafin naka na ƙarshe na karɓo. Edita ya yi ta noƙewa, na ce masa a kotu nake aiki, ya buɗe durowa. Na karanta wa Baba inda ka ce ba ka taɓa ganin wanda ya zauna ya kalli tsuntsaye da haƙuri irin wannan marubuci ba, kuma in kamfanin bai buga littafin ba ya yi wa yara sata. Can ya ce, "A shafin ƙarshe ya sa wannan? Inda ba mai gani?" Na ce e. Ya ce, "Halin gidan ne."

Kwana biyu ke nan ba ya maganar hankaka, kuma wannan ya fi surutun ba ni tsoro. Jiya ya aike ni in sayo masa alƙalamin maka mai kauri da farar takarda babba. Ya rufe ƙofa ya rubuta abin da ke cikin ambulan ɗin nan. Ban karanta ba, ya liƙe da kansa, har ya liƙe da gefen zanen tebur.

Saura kwana goma. Ni na sauka daga aikin ɗan aike. Ku biyun ku ƙarata.

Yayarka

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina lafiya.

Ka yi haƙuri da girman rubutu, iyakar abin da nake gani ke nan.

Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa rubuta wa yara abu a allo don wani ya ce in rubuta ba. Ba zan fara da tsufa ba. Hankaka yana nan inda na sa shi har sai na gane da kaina.

An ce kuna ajiye akwatin muryar nan a kwalba a wurin aikinku. Ka zo da na hankaka, da na suda, da na ungulu. Ido ba zai yi ba, amma yatsuna lafiyarsu ƙalau. Ka ɗora mini su a tafin hannu, ka yi bayani da Hausa, a hankali, yadda ɗan aji uku zai gane. In na gamsu, a mayar da shi babi na bakwai a ranar. In ban gamsu ba, kai ne ka kasa koyarwa.

Yayarka ta ce in rubuta na yafe. Ban rubuta ba.

Motar safe za ka hau ranar Asabar, ta rana tana daɗewa a hanya. An share ɗakinka.

Babanka